Injin da Maigandi Ya Toshe Wa Hanci

Daga ƙofar titi zuwa ƙofar Usta Maigandi, kamar yadda Larabawa ke kiran gwanin sana'a, matakala arba'in da shida ne. Gida ɗaya muke haya a unguwar Ƙurban ta Madina, ni a ƙasa, shi a hawa na uku, kuma shekara tara ke nan ina hawan matakalan nan, don haka lissafin ba na ji-ta-ji-ta ba ne.

Maigandi mutumin Damagaram ne. Shekarunsa sittin da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki a Madina ya yi su, yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a unguwar Sultana. Ni Badaru Bakano ne, ina riƙe da sito a wani kantin magani. Tun ranar da muka san garuruwan juna ba mu sake gaisawa cikin mutunci ba. Shi yana cewa Bakano ko atishawa zai yi sai ya fara ƙirgawa. Ni ina cewa Badamagare ne kaɗai zai je kasuwa neman fanka ya dawo da abin da ba ya ba da iska.

Haka kuwa aka yi. A shekarar 2011 ya je haraj, kasuwar tsofaffin kaya, neman injin fanka. Ƙarƙashin tulin dutsen guga ya hango wani akwati mai gefen katako. Mai kayan ya rantse masa cewa na'urar asibiti ce, ta auna zuciya. Maigandi ya share ƙurar da hannun riga, ya ga haƙora farare da baƙaƙe, ya ga ramuka irin na allon wuta, sai zuciyar tasa ta auna kanta. Ya saɓo shi a kafaɗa har hawa na uku. Ya ce wa matarsa, Hajiya Tasallah, injin gwada mukayyif ne. Ta yarda kwana biyu. Rana ta uku ya jona shi da wuta, abin ya yi wani kuka, kyanwar maƙwabta ta faɗo daga katanga.

Na auna shi da ma'aunin sito: kilo ashirin da uku. Haƙoransa talatin da bakwai, farare ashirin da biyu, baƙaƙe goma sha biyar. Maɓallan murɗawa arba'in da ɗaya. Ramukan da ake soka wayoyi ashirin da takwas. Ƙirar Japan ne, na shekarar 1978. Sunansa na gaskiya sintisaiza, Larabawa org suke cewa, Hausawa kuwa fiyano. In kana so ka ga jijiyar wuyan Maigandi, ce masa fiyano.

"Fiyano da muryarsa aka haife shi," in ji shi. "Wannan ba shi da murya sai wadda ka haɗa masa. Wuta ce tsagwaronta, kai za ka koya mata magana. Amma ina Bakano zai gane abin da ba a sayarwa dozin-dozin."

Rubutun da ke jikin maɓallan ya goge, shi kuma da ma ba karantawa zai yi ba, sai na kawo masa filastar asibiti ya manna wa kowanne suna. Akwai Maƙogwaro, mai sa murya ta yi sama ko ƙasa. Akwai Rariya, mai tace kaushi. Akwai Zazzaɓi, mai sa murya karkarwa. Akwai Jela, mai jan ƙarshen ƙara. Guda uku kuma sunansu ɗaya: Kar Ka Taɓa.

A shekara goma sha huɗu Maigandi bai taɓa kaɗa waƙa ko ɗaya ba, kuma yana alfahari da haka. Ƙara yake haɗawa. Yana da ƙarar ruwan sama a kan kwanon gidansu na Damagaram. Yana da ta cikin mai azumi bayan la'asar. Yana da ta janareton da ya ƙi tashi, har da tarin ƙarshe. Na ƙirga masa sittin da uku. Wadda ta fi kyau ita ce ta sauro: ranar da ya gama ta, Hajiya ta fesa gwangwanin magani guda a gidan, suka ci abincin rana a wajena. Galibi da abin sawa a kunne yake aikinsa, kuma saura minti goma a kira salla zai kashe shi ya lulluɓe da zane.

Matsalar injin ɗaya ce, ba ya son zafi. Sai ya yi minti ashirin a kunne kafin muryarsa ta zauna, kuma in ɗaki ya wuce digiri talatin, muryar sai ta fara zamewa ƙasa kamar mai gyangyaɗi. Saboda haka mukayyif mafi lafiya a gidan yana ɗakin injin. Na ɗakin Hajiya shekara goma sha ɗaya yana ɗiga a bokiti. Kullum Maigandi yana cewa gobe.

A watan Yulin bana 'yarsu Afnan ta haifi mace, aka ce za ta dawo gida wankan jego. Ina zaune a ɗakin injin muna shan shayi Hajiya ta tsaya daga bayan labule.

"Baban Afnan, ɗakin nan nake so."

"Wane ɗaki?"

"Wanda kake ciki. Ɗakuna nawa gare mu da za ka tambaye ni? Maijego da jaririya ba za su kwana da bokiti ba. Juma'a mai zuwa abin nan ya koma haraj inda ka tono shi."

"Hajiya, a sa shi a lungu mana."

"Shekara sha huɗu yana cin wuta yana shan sanyi. Faɗa mini abu ɗaya da ya taɓa yi wa gidan nan ban da sauro."

Maigandi ya dube ni. Na duba jerin sittin da ukun nan a kaina daga farko har ƙarshe, ban samu ba.

Abin da ya ba shi ƙofa shi ne wata damuwar da Hajiya ke ciki. Shekara talatin duk suna da bikin Hausawan Ƙurban Iya Indo ce ke rangaɗa guɗa. Bara ta tattara ta koma Maradi gaba ɗaya. 'Yan matan da aka haifa a nan kuwa gaɗrafa suka iya, irin ta Larabawa, wadda ake kaɗa harshe. Hajiya ta yi waya gida goma sha ɗaya, har garin Badr ta nema, ba ta samu maguɗiya ba.

"Ke fa, Hajiya?" na tambaya.

"Ni ban iya ba," ta ce, da sauri fiye da yadda tambayar ke buƙata.

Nan Maigandi ya miƙe tsaye. Ya ce injinsa zai yi guɗa ranar suna. Hajiya ta kafa sharaɗi: in ya yi guɗar da za ta sa matan gida su waiwaya suna neman Iya Indo, ya zauna. In bai yi ba, haraj. Saura kwana biyar.

Washegari mijin Afnan, Osman, ya zo. Iyayensa Hausawan Sudan ne, a nan aka haife shi, mutum mai ladabi da son taimako. Ya fito da wani sabon sintisaiza daga jaka, bai fi faranti ba, giram ɗari tara, da batir yake aiki, muryoyi ɗari bakwai a cikinsa.

"Ammi, mafi mushkila," ya ce wa Maigandi da Larabci, wato Baffa, ba matsala. "Akwai guɗar a ciki, an riga an haɗa. Dannawa kawai."

Ya danna. Abin ya saki gaɗrafa tsaf, mai sheƙi.

"Allah ya yi maka albarka, Osman," in ji Hajiya daga kicin. "Ka ajiye ta, in Balarabiya ta haihu sai mu kai mata."

Maigandi ya yi murmushi har kunne. Amma bai hana shi riƙe sabon injin awa uku ba, yana danna muryoyin ɗaya bayan ɗaya yana cewa abin wasan yara ne. Ya kai ta ɗari biyu da sha huɗu kafin Osman ya ce zai tafi.

Daga nan aka shiga gwaji, ni ina riƙe da lissafi. Na farko ya fito kamar jiniyar motar asibiti, har wani maƙwabci ya leƙo ta taga yana tambayar wa ya faɗi. Na goma sha tara kyanwa ce aka taka wa jela. A na arba'in ya ƙure Maƙogwaro, ya ƙara Zazzaɓi, aka samu abin da ni dai na ji kamar guɗa. Muka kira Hajiya.

"Ta fara da sauri," ta ce. "Guɗa tana tashi ne a hankali, ta hau, ta tsaya a sama ta yi rawa, sannan a yanke ta, ba a barin ta ta mutu da kanta. Kuma karkarwar nan ta harshe ce. Abin naka ba shi da hanci."

Na lura cewa wadda ba ta iya ba ta kawo gyara huɗu ba tare da ta numfasa ba. Na ajiye wannan a raina.

Maigandi ya zauna yana kallon maɓallai arba'in da ɗaya, babu Hanci a cikinsu. Ya ɗauki waya ya aika wa Iya Indo saƙon murya. Amsarta ta zo da dariya daƙiƙa goma sha tara, da tari, sannan magana.

"Kai Maigandi, har yanzu kana nan da shirmenka? Guɗa ai a hanci take. A kama hanci, a saki kaɗan, a kama. Toshe masa hanci."

Ni mutum ne mai son gajeriyar hanya. Na karɓi wayar na ce, "Iya, ki yi mana guda ɗaya a waya mana, mu kunna ranar suna, a huta."

Maigandi ya yi mini kallon da har yau ban manta ba, don in an huta ta wannan hanyar, injinsa ya tafi. Allah ya taimake shi, Iya Indo ta ce guɗarta ba ta shiga waya, in ba ta ga jaririya da idonta ba, ba ta fitowa.

Ya juya injin, ya duba bayansa. Can kusa da 'yar lasifikar da ke ciki akwai ramuka biyu zagayayyu, dab da juna.

"Bakano, me ka gani?"

"Ramukan fitar zafi. Kai da kanka ka gaya mini."

"Ni hanci na gani. Kawo auduga."

Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana yi wa Larabawa faɗa kan toshe bayan mukayyif, shi ne ya cusa auduga a ramukan nan da tsinken sakace. Abin haushin kuma, ta yi aiki. Muryar ta matse, ta koma can ciki. A gwaji na casa'in da bakwai muka ji ludayi ya faɗi a kicin.

"Yaya, Hajiya?" Maigandi ya ɗaga murya.

"Da saura," ta ce. Amma ta daɗe kafin ta ɗauki ludayin.

Na kawo agogo da ma'aunin zafi. Da auduga a hanci, cikin ɗaki mai sanyi, injin yana riƙe muryarsa minti ashirin da biyar. To, ranar suna ɗakin na maijego ne, falo na mata ne, mu maza wajenmu saman matakala, bakin ƙofa, inda ma'aunin ya nuna arba'in da uku. Na yi lissafi na ce minti tara, in an yi sa'a. Muka tsara: a kunna shi tun da wuri hanci a buɗe, in Hajiya ta ce "yanzu" a sa auduga, in ta ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a danna. Alamar ana fito da maijego da jaririya ke nan.

Da safe aka raɗa suna, Hidaya. Bayan la'asar mata suka cika gida. Na ƙirga takalma ɗari da biyar a bakin ƙofa, wato mata hamsin da biyu, sai wani silifa ɗaya da har yau ba a san mai shi ba. Muka ɗora injin a kan kujeru biyu. Maigandi ya sa farar jallabiya sabuwa, ni ina riƙe da mafici.

"Yanzu," in ji Hajiya ta bayan labule.

Aka sa auduga. Na danna agogo.

Abin da lissafina bai ƙunsa ba shi ne ɗankwali. Afnan a nan ta tashi, ba ta iya ɗauri ba, sai mata uku suka taso taimako: Bakanuwa, 'yar Nijar da 'yar Sudan. Kowace ta ɗaura, ta gaba ta kwance. Muna jin Afnan tana cewa, "Kalas, ya Ummi, ya isa, kaina ciwo," ba mai saurarenta.

Minti tara suka wuce. Na ce a cire audugar.

"In na cire, muryar za ta goce, sai na sake saiti daga farko," in ji Maigandi. "Yi fifita dai. Yi da ƙarfi. Ko Kanawa fifita ma sai an yi ciniki?"

"Yanzu," Hajiya ta sake cewa a minti na sha huɗu. Ta kuma a na ashirin da biyu. Katakon injin ya fara ƙamshin gasasshen burodi. Na yi fifita ɗari takwas da ɗoriya, daga nan lissafin ya ɓace mini, abin da ba ya faruwa da ni.

A minti na talatin da ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku. Maigandi ya yi bisimilla ya danna.

Daƙiƙa biyu na farko, wallahi Iya Indo ce. Ta tashi a hankali, ta hau, har na ji wata tsohuwa a ciki ta ce, "A'a, Indo ta dawo?" Sai muryar ta zame. Ta sauko ta zama akuya. Maigandi ya murɗa Maƙogwaro, ta zama jaki, cikakken jaki mai shiga da fita. Ya ƙara Zazzaɓi, jakin ya kama rawar sanyi. Daga nan saniya, daga saniya janareton nan da ya ƙi tashi. A ƙarshe injin ya yi wani fuut, audugar hagu ta yi tsalle ta faɗa cikin takalman mata.

Sai muka ji magana daga cikin falo.

"Wa ya hau da jaki hawa na uku?" wata ta tambaya.

Dariya ta fara daga lungu ɗaya tana yaɗuwa. Maigandi ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga a kan farar jallabiya. Ni kuma ina tunanin kilo ashirin da uku da matakala arba'in da shida.

Sai wata guɗa ta tashi daga tsakiyar falo. Ta fara siririya, ta hau, ta wuce inda na zata za ta tsaya, ta yi rawa a can sama har gilashin tagar matakala ya amsa, sannan aka yanke ta tsaf kamar da almakashi. Daƙiƙa goma sha huɗu, numfashi ɗaya. Dariyar ta mutu. Tsofaffi suka fara sa albarka, wata tana kuka.

Maigandi ya duba injinsa, ya ga a kashe yake. Ya dube ni.

"Wace ce wannan?"

Kafin in amsa muka ji muryar Afnan, kuma da Hausa zalla: "Ummi, ke ce?"

An sake rangaɗa ta sau huɗu kafin magariba.

Bayan mata sun watse na hau don in taya shi saukowa da kaya, ya kwana a wajena kafin Juma'a. Na tarar ya naɗe injin da bargo da kansa, ya ɗaure da igiya, ya yi ƙulli shida inda biyu sun isa. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Mun kama, ni gaba shi baya, mun sauka matakala uku, Hajiya ta yi magana daga ƙofa.

"Ina za ku da shi?"

"Haraj," in ji Maigandi. "Sharaɗi sharaɗi ne."

"Da wannan muryar?"

"Ai wanda ya saya zai murɗa tasa."

"In kuma bai murɗa ba fa? Wani Balarabe ya kai gida ya danna, jaki ya fito, ya tambaya, a ce masa na wani Bahaushe ne, guɗar garinsu ce. Ni uwata ita ce maguɗiyar unguwarmu a Damagaram shekara arba'in. Ba da ni za a yi wannan ba. Ku dawo da shi. Ba ya fita gidan nan sai ya iya."

Maigandi ya tsaya da injin a hannu, ni kuma nauyin duk ya dawo kaina.

"Shekara talatin da shida muna tare, Tasallah. Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai da na ce abin ba shi da hanci ka tafi Maradi neman bayani, ina tsaye a kicin."

"To me ya sa kika ce ba ki iya ba?"

"Don in na iya, kowane suna a Madina sai an aiko mini mota. Yanzu ga shi ka jawo mini, mutum tara sun riga sun karɓi lambata." Ta gyara mayafi. "A lungun kicin zai zauna har Afnan ta yi arba'in. Kuma bokitin nan na ɗakina, yau nake so in daina ganinsa."

Ya gyara mukayyif ɗin a minti ashirin da biyar. Na duba agogo. Wata 'yar roba ce ta toshe.

Injin bai mutu ba. Maigandi ya buɗe shi ya canza abu biyu ƙanana kamar ƙwayar wake, ya ba shi haƙuri, ya yi alƙawarin ba auduga har abada. Yanzu ya koma ɗakinsa, kuma kullum bayan la'asar kujeru biyu ake sawa a gabansa. Hajiya tana cewa, "Rage Jela. Ƙara Zazzaɓi kaɗan. Kaɗan na ce, Baban Afnan, ba masassarar damina ba." In Afnan ta zo, tana tsayawa a bayansu da Hidaya a kafaɗa, ta kama hancinta tana gwadawa a hankali, har yanzu tana fitowa da ɗan harshe.

A gwaji na ɗari biyu da sittin, Maigandi ya tashi ɗauko shayi. Hajiya ta miƙa hannu ta murɗa Kar Ka Taɓa na tsakiya, wanda shekara goma sha huɗu ba wanda ya kusance shi. Muryar ta matse ta koma can ciki, ba auduga, ba komai. Maigandi ya dawo da gudu, shayi na zuba a tire.

"Me kika taɓa?"

"Abin da ka ce kar a taɓa."

Ta ɓare tsohuwar filastar, ta karɓi sabuwa a hannuna, ta rubuta Hanci da birona ta manna. Jiya mun kai gwaji na ɗari uku da arba'in da ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, ido a rufe, ta ce da saura.